Ban Taɓa Taka Italiya Ba, Ga Abokina Zai Tafi Saboda Ni

Assalamu alaikum admin da masu karatu. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma ku bari in kai ƙarshe kafin ku fara zagi, don na riga ku zagin kaina.

Ni mai gadi ne a wani otal a Lusail kusa da Doha, mu shida muke zaune a ɗaki ɗaya a unguwar Fereej Abdel Aziz cikin Doha. Lokacin kullen korona ba fita, sai hira tun safe har yamma. Wannan ya yi Makka, wancan ya yi Dubai, kowa da labarinsa, ni kuwa kafin Doha iyakata Kano. Wata rana na kalli wani bidiyo a waya kan biranen Italiya, ana cikin hira kawai na ji bakina ya ce, "Ai ni shekarata biyu a Italiya." Wallahi ban san me ya hau kaina ba. Sai tambaya ta ko'ina. Na ba su labarin Benis, inda ruwa ne titi, kwalekwale ne tasi. Na ce na tsaya a gindin hasumiyar Pisa, ta karkace kamar tsohon rumbu amma ta ƙi faɗuwa. Da aka ce me ya dawo da ni, na ce ciwon mahaifiyata. Tun ranar sunana ya koma Ɗan Italiya, kuma ba zan ɓoye muku ba, daɗi nake ji.

Daga nan na shiga karatu kamar mai jarrabawa. In lallaɓa saman bene da wayata ina hadda: Roma ce babban birni, Milan ce cibiyar ɗinki, fiza daga Napoli ta fito, wani mai zane ya shekara huɗu yana zana rufin coci. Da Italiya ta kasa samun gurbi a kofin duniya, 'yan ɗakinmu har jaje suka yi min, ni kuwa hamdala nake a zuci, don da mutanenta sun cika Doha da asirina ya tonu. Kun ga lalacewa ko?

Wanda ya fi kowa yarda da ni shi ne Yaya Habu, ba sunansa ke nan ba. Direba ne, ya girme ni sosai, shi ya tarbe ni ranar da na sauka, har bargonsa ya ba ni. Da wani ya ce ba ya jin na je ko'ina, Yaya Habu ne ya taso masa: "Ka kiyayi bakinka, ƙanena ba ya ƙarya!" Shi na ƙirƙiro wa wani tsoho mai gidan burodi a Milan, na ce na yi masa aiki, wai yana son Hausawa saboda amana, duk wanda na tura zai ɗauka. Me ya kai ni? Me na ƙaru da shi?

Bayan an gama gasar kofin duniyar kamfaninsu ya rage direbobi, har da shi. Ranar Juma'a mun dawo daga masallaci muna cin shinkafa ya ce, "Ƙanena, khalas, zamana a Doha ya ƙare. Zan je gida in ga Maman Amira da yara, sai in bi ta Agadas in shiga Libiya. Ba ni lambar tsohon nan naka."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Na ce, "Yaya, teku fa? Mutane na halaka a hanyar nan."

Ya yi dariya ya ce, "Kai ba ta nan ka bi ba? Ga ka kuma kana cin shinkafa."

Inna lillahi! Na ma manta na taɓa ce musu ta ruwa na shiga. Na ce masa lambar na cikin tsohuwar wayata, zan duba.

Jirginsa ranar Alhamis ne. Sau uku ina jan shi gefe in gaya masa gaskiya, in na kalli fuskarsa sai in ɓige da tambayar ko ya gama haɗa kaya. Kunya ta hana ni, ni da kaina na san rago ne ni. Ta yaya zan dubi mutumin da ya yi faɗa saboda ni in ce shekara kusan uku ina raina masa hankali? In kuma na yi shiru, uban 'ya'ya uku zai shiga sahara da teku neman tsohon da babu shi a duniya.

Jiya ya zo min da takarda da biro, ya ce in rubuta masa yadda zai gaida tsohon da yarensu. Na karɓa, na rubuta masa.

Jama'a, saura kwana biyu. Me zan yi?