Burodin Ranar Asabar

Bawku, 3 ga Afrilu, 1954

Yaya Hawawu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da cinikin goro. Bayan haka, raina a ɓace yake. Kin san tun yaushe nake yi wa Dokta Feldman, Bayahuden likitan nan, girki, ba a taɓa cewa ko gishiri ya yi yawa ba. To, tun makon jiya Madam, matarsa, ta canza mini. Ta kwashe tukwanen da nake girki da su ta kulle a sito, ta ɗauko wasu daga akwati ta ce kada in taɓa. Teburin da nake kwaɓa fulawa ta kwara masa tafasasshen ruwa. Jiya har aljihun rigar aikina ta sa na zazzage. Me ake nema a aljihun kuku in ba guba ba? Na tambaye ta, ta ce, "Biki ne, Mashud," tana murmushi. Murmushin ne ma ya fi tsorata ni. In aka kore ni da sunan mai sa guba, babu gidan da zai ƙara ɗaukata daga nan har Gambaga.

Ƙaninki,
Mashud

Salaga, 9 ga Afrilu

Mashud,

Muna lafiya, alhamdulillahi. Biki? Wane biki ne ake farawa da binciken aljihu? Wani ne ya kai gulmarka, kai kuma ka tsaya kana wanke-wanke kamar ba ɗan babanmu ba. Ka ji abin da za ka yi. Ka gasa abin da suka fi so daga hannunka, ka ɗora a kan kayan nan da aka hana ka taɓawa, ka kai gaban baƙinsu, ka gutsura ka ci kowa yana kallo. Haka Asiatu maƙwabciyata ta yi da aka zarge ta, har yau babu wanda ya sake buɗe baki. Kada ka ba ni kunya.

Yayarka,
Hawawu

Bawku, Jumma'a, 16 ga Afrilu

Yaya,

Na gaishe ki. Abin ya wuce inda kike zato. Jiya bayan magariba Dokta da kansa ya bi ɗaki-ɗaki da kyandir da gashin kaza, yana leƙa lunguna yana karatu ƙasa-ƙasa. Yau da hantsi ya tara duk burodin da na gasa, ya ƙone shi a tsakar gida. Ina tsaye, Yaya! Ƙanana biyu kawai aka bari, su kuma Madam ce ta gasa da hannunta, ta ce a baranda za su ci. Duk girkin gobe ta gama shi yau, don gobe Asabar ce, ranar hutunsu, ba sa taɓa wuta. Gobe da rana ta faɗi kuma bikin zai fara, baƙi biyu na zuwa daga Garu. Ina da fulawa a ɗakina. Zan yi yadda kika ce.

Mashud

Yendi, 21 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Hawawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar alheri, ina sanar da ke cewa Mashud yana wurina. A bayan lori ya iso, ko jaka bai ɗauko ba.

Ni na yi wa Dokta girki lokacin da yake Yendi, ni kuma na kai Mashud gidan. Da kun tambaye ni, da na gaya muku. Idinsu ne na tunawa da fitar Annabi Musa daga Masar. Kwana takwas ba sa cin ƙullun da ya tashi, ko ɓurɓushinsa ba sa bari a gida. Bana idin ya zo manne da Asabar ɗinsu, shi ya sa suka gama komai da wuri. Bara kuma a Akra suka yi shi, yaron bai gani ba. Babu wanda ya taɓa zarginsa.

Shi kuwa ya shiga kicin, ya ɗauko babban farantin tangaran na idi, ya kife masa burodi mai zafi, ya dire a tsakiyar teburi ana cikin addu'a. Ya gutsura ya ci, ya ce, "Masta, duba, no poizin!" Madam ta fashe da kuka, yaron kuma ya ruga. A addininsu, tangaran da burodi mai zafi ya taɓa ba ya sake shiga wannan idi, ko da me aka wanke shi.

Dokta ya aiko direbansa a mayar da yaron gobe. Ke kuma ki rage ba da shawara a kan abin da ba ki sani ba. Allah ya shirye mu baki ɗaya.

Kawunku,
Malam Zibrim

Bawku, 26 ga Afrilu

Yaya,

Na koma aiki, babu wanda ya yi mini faɗa. Madam ma haƙuri ta ba ni, ta ce laifinta ne da ba ta yi mini bayani ba. Na ce zan nemo mata wani farantin ko daga Kumasi ne. Ta ce in bari. Na mahaifiyarta ne, shi kaɗai ta fito da shi daga Jamus, kuma duk danginta babu wanda ya tsira daga yaƙin duniya. Ta naɗe shi a zane ta mayar akwati.

Wallahi Yaya, da korata suka yi da ya fi mini sauƙi. Ki gaida yara.

Mashud