Ƙwaya Ɗari a Bayan Randa

Sule Tankarkar,
3 ga Yuni.

Zuwa ga Malama Felicia,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fatan kina lafiya, da maigida da yara, kuma kin saba da Gumel da makarantar da aka mai da ke. Mu nan lafiya lau, sai zafi da jiran ruwa.

Malama, ki yi haƙuri da ƙarfin halin da na yi na rubuto miki. Wataƙila ma ba za ki tuna ni ba. Ni ce Sharifa Ilu, 'yar aji biyar, mai zama a layin ƙarshe kusa da taga, wadda kullum kike cewa ta ɗaga murya. Takarda uku na yaga kafin wannan. Ba ni da waya, kuma maganar ba ta yiwuwa a wayar Baba, don a kansa take. Anti Juwairiyya maƙwabciyarmu, mai aikin jinya a Gumel, ita ta yarda ta kawo miki.

Kin tuna ranar da kika shigo darasin noma da tsumma da kofin ruwa? Kika sa muka ƙirga ƙwayar gero ɗari, muka jera a jiƙaƙƙen tsumma muka naɗe, bayan kwana shida muka buɗe muka ga nawa suka tsiro. Ran nan kika ce riɗin da manyan motoci ke fitarwa daga Maigatari har ƙasashen waje ake kai shi, kuma da kowace ɗaliba za ta koma gida da abu ɗaya da ta iya yi da hannunta, da motocin sun ninka, da ƙasar ma ta ji a jikinta. 'Yan aji suka yi dariya. Ni na rubuta a bayan littafina.

Bana Baba ya ce babbar gonarmu riɗi zai shuka a cikinta gaba ɗaya. Ita muka dogara da ita, don geron ƙaramar gonar ba ya kai mu rabin shekara. Irin kuwa yayansa, Baffa Sajo, shi ya ba shi, jarka guda. Tun bara waccan nake ganin jarkar a ɗakin Baffa, a rufe ruf, ƙarƙashin rufin kwano. Da Inna ta buɗe sai na ji wari kamar na tsohon man gyaɗa. Na ɗebi cokali ɗaya ba da sanin kowa ba, na ƙirga ɗari da tsinken tsintsiya, na ɓoye tsumman a bayan randa.

Malama, ashirin da bakwai ne suka tsiro.

Tun ranar abinci ba ya shiga mini. Na tambayi malamin da ya gaje ki, ya ce in duba littafi. Ba ƙararsa nake kawowa ba. Mu tamanin da shida ne a aji, kuma tarihi ya karanta, aka ba shi noma don babu kowa. Yana rubutawa a allo muna kwafewa. Duk mun haddace ma'anar tsirowar iri da Turanci, amma tun tafiyarki babu wadda ta taɓa iri da hannu.

Don Allah ki gaya mini, ko ni ce na cika wa tsumman ruwa? In kuma irin ne, ta yaya 'ya za ta ce wa mahaifinta abin da yayansa ya ba shi ya mutu?

Ki gaishe da mutanen gida.

Ɗalibarki,
Sharifa Ilu.

Sule Tankarkar,
24 ga Yuni.

Zuwa ga Malama Felicia,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan ƙafar da Anti Juwairiyya ta ce tana damunki ta yi sauƙi. Allah ya ƙara lafiya. Amsarki ta zo, na karanta har ta fara yagewa a wurin naɗi. Na gode da kika tuna har da tagar.

Na yi yadda kika ce: tsumma uku, kowanne a matse shi sosai. Ashirin da biyar, talatin da ɗaya, ashirin da biyu. Sai na kai wa Inna, na gaya mata kin ce abin da bai kai saba'in ba kada a ba shi gona. Ta duba, sannan ta jira Baba ya gama cin abincin rana ta ajiye tsummokin a gabansa. Ina ɗaki ina ji. Ya ce, "Tun kakanmu ake shuka riɗi a gidan nan, ba a taɓa shuka shi a zani ba." Ya tashi ya fita.

Malama, ki fahimce shi. A wurinmu irin da babba ya ba ka ba a mayar masa, ba a kuma bincikarsa. Kamar ka ce ba ka yarda da hannunsa ba ne. Baffa shi ya riƙe Baba tun rasuwar kakanmu.

Na ɗauka magana ta ƙare. Amma ran Alhamis da ya dawo kasuwar Maigatari sai ya jefa wa Inna ƙulli uku a tabarma, irin riɗi daga wurin mutum uku daban-daban, ya ce, "Ki ba malamar gidanki ta shuka a zaninta mu gani." Wanda ya fi tsirowa shi zai koma ya saya Alhamis mai zuwa.

Ga abin da ya sa nake rubutu yau. Jiya Litinin ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Yau gari ya watse, kowa yana gona. Baffa ma ya shuka tasa da ɗaya jarkar da ya ajiye wa kansa. Tamu kaɗai ce a kwance. Da hantsi Baffa ya tsaya a zaure, muryarsa har cikin gida: "Ilu, ashe yanzu sai an kaɗa ƙararrawa a makarantar 'yan mata kake shuka?" Baba ya juyo ya shigo gida. Da ma ya yi faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Kin san ƙasarmu rairayi ce, ba ta riƙe laima. Ba zai shuka ba sai Juma'a. In ruwa ya ɗauke sati biyu, kamar yadda yakan yi, ni ce na hana shi shukar fari. Ina ta zuwa bayan randa kamar in buɗe, na san kuma sai gobe. Ki saka mu a addu'arki.

Ɗalibarki,
Sharifa.

Sule Tankarkar,
13 ga Yuli.

Zuwa ga Malama Felicia,

Ina gaishe ki da kyau, ya damina, ya yara da karatu? Ki yafe mini jinkiri, na kasa riƙe biro ne sai da na ga abin da ƙasa za ta yi.

Ƙulli na farko ya ba da hamsin da huɗu, na biyu saba'in, na uku casa'in da ɗaya. Baba ya sayo na ukun, ya gauraya da yashi ya shuka ran Juma'a, saman ƙasa har ya fara fari. Kwana uku ina fakewa da shanya ina kallon gabas. Ran Litinin ruwa ya dawo. Yanzu gonar ta yi kore shar, layi bai yanke ba. Shekaranjiya da safe na ji Baba yana tambayar Inna ko ban makara zuwa makaranta ba, abin da bai taɓa yi ba.

Amma ban iya murna ba, Malama. Gonar Baffa tsilla-tsilla ta fito, nan tsiro can fili, kuma mutum goma sha ɗaya ne ke cin tuwo a gidansa. Ina ganin da na yi magana da wuri, ko ta bakin matarsa, da bai zuba jarkar ba. Kunya ce ta hana ni. Sati biyu ina sauya hanya don kada in bi ta ƙofarsa.

Jiya bayan la'asar Baffa ya zo, suka daɗe a zaure da Baba. Sai aka ce ana kirana. Na durƙusa daga bakin ƙofa, ban ɗaga kai ba, ina jiran faɗa. Baffa ya ce wake zai zuba a guraben da riɗin bai fito ba, tun lokaci bai ƙure ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wake cike da tafi, ya zuba mini a gefen hijabi. Ya ce, "'Yar Ilu, wannan kuma kwana nawa zanin naki yake ɗauka?"

Na ce shida. Ya ce to, zai jira.

Malama, faɗa kawai na yi, ban sani ba. Gero muka yi a aji, riɗi kuma ke kika tabbatar mini. Shi wake ƙwayarsa babba ce, ko ya fi shan ruwa? Wasu suna da hudar ƙwaro, in sa su cikin ɗarin ko in ware? Na dai jera su yadda suka zo, tunda a haka zai shuka su. Wannan ita ce shukarsa ta ƙarshe a bana, kuma da maganata yake jira. Anti Juwairiyya za ta dawo jibi, ko layi biyu ne ki ba ta.

Na san ba ke ce malamarmu ba yanzu, kina da naki ɗaliban da ayyukanki. Amma ba ni da wanda zan tambaya. In ba zan takura miki ba, ina roƙon ki ba ni izini in riƙa rubuto miki.

Inna tana gaishe ki, ta ce Allah ya raya miki zuri'a.

Ɗalibarki mai biyayya,
Sharifa Ilu.