Ƙarfe Goma na Wane Agogo?

Garwa, ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanwata Habsatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya a Libirbil, ke da maigidanki Alhaji Adoum da yara. Mu nan sai godiya. Ruwa ya sauka sosai, Binuwai ta cika har ta taɓa gonakin bakin gada. Ƙafar matata Aisatu ta yi sauƙi, ta koma masifarta, wato ta warke ke nan. Na san za ki ce Yaya da waya a aljihu me ya kai shi rubutu kamar zamanin Baba. Dalili shi ne ke ba kya bari mutum ya kai aya, tun kina goye haka kike, maganar nan kuwa sai an ji ta har ƙarshe.

Maganar ɗanki Bilya ce. Yau sati uku bai tashi da jirgin sama ba, tun ranar da kika ce masa in ya sake hawa ba ki yafe ba. Ya ninke rigar aikinsa ya sa a akwati. Kamfanin ya ba shi zuwa ƙarshen wata, in bai dawo ba su ɗauki wani. An gaya miki wai ganganci ya yi, ya kutsa hanyar jirgin sojoji. Habsatu, ba haka aka yi ba, kuma ni na fi kowa sani.

Kin san sojoji suna da jiragen nan marasa matuƙi da suke aikawa arewa wajen iyaka, nan duron ake ce musu. Sama ɗaya muke rabawa da su. Mai tuƙa duron yana zaune a ɗaki yana kallon allo, idon abin kuma ƙasa yake duba. Bilya ya ce yana iya hango kaza a tsakar gida, amma jirgin da ke gefensa bai san da shi ba. Ga shi ƙarami, launinsa launin sama, ɗan jirginmu mai kujera huɗu ba shi da na'urar da za ta nuna shi. Matuƙi da matuƙi in sun hangi juna sai kowa ya kauce, shi wannan ba ya kaucewa. Abin da ke raba mu da shi kawai lokaci ne: su faɗa mana sa'ar da zai yi shawagi, mu bar musu hanya. Mai karɓar wannan saƙo a ofishinmu kuwa ni ne, shekara ashirin da shida ke nan ina kan teburin.

To, masu jirgi agogonsu daban, yana bayan namu da awa guda. In Garwa ta ce sha ɗaya, su goma suke cewa, sai su ƙara kalmar zulu a ƙarshe don a bambance. Ranar Talatar nan wani soja ya bugo ya ce daga takwas zuwa goma, ya ƙara wata 'yar kalma da ban kama ba. Wayar tana kunnen hagu, kunnen nan da ba ya ji sosai, wanda kike tsokanata da shi kina cewa na sayar. Na ji kunyar in ce wa yaron da na haifi kamarsa ya maimaita. Na ce na ji, na rubuta goma a allon ofis, a layin agogon gari. An ce matambayi ba ya ɓata, ni da furfurata na ƙi tambaya.

Goma da minti ashirin Bilya ya tashi da wata likita, Dokta Ornella, da akwatin allurar yara, za su wajen duwatsun Mokolo. A lissafinsa hanya ta buɗe, alhali saura minti arba'in. Likitar ce ta fara gani, ta ce ta ɗauka shaho ne, sai ta lura ba ya kaɗa fiffike, ta ƙwalla ihu. Bilya ya karkatar da jirgin dama ya dulmiya ƙasa. Ya ce abin ya wuce ta kansu har ya ga lambar da ke jikinsa. Da muryarsa ta shigo rediyo yana tambaya me duron yake yi a hanyarsa, na ɗaga kai na dubi allon, na ga rubutuna. Yaron da kika damƙa mini a tashar jirgin ƙasa ta Ngawundere kika ce amana, ni na kusa kashe shi da alli.

Da aka zauna bincike, ɗan naki mai taurin kai irin naki ya miƙe ya ce laifinsa ne, shi ya kamata ya sake tabbatarwa kafin ya tashi. A waje ya roƙe ni, ya ce Kawu ka yi shiru, kada Mama ta ji. Na yi shirun kwana biyu, rana ta uku na je na faɗi gaskiya. An ɗauke ni daga teburin an mai da ni sito ina ƙirga tayoyi, kuma daidai ne. Amma ke ban iya gaya miki ba, na bar ki kina ɗora masa. Laifi tudu ne, na taka nawa na bar ki kina hango na yaro.

Ba zan ce miki babu haɗari ba, ƙaryar da na yi ta isa. Sai dai yanzu saƙon a rubuce yake zuwa da agogo biyu, matuƙi kuma da bakinsa yake kiran sojojin ya maimaita musu kafin ya tashi. Hannun Bilya ne, bayan ikon Allah, ya dawo da mutum biyu gida ranar nan. Agogon Baba da na gada na mai da shi baya da awa guda na ba shi. Ya karɓa ya ajiye kan rigar, ya ce ba zai ɗaura ba sai kin ce. Ina roƙonki don Allah ki janye kalmarki. In akwai wanda ba za a yafe wa ba, ga ni.

Aisatu tana gaishe ki, ta ce busasshen kifinki yana hanya. Sadiƙa matar Bilya tana gaisuwa, ita ma bakinki take jira. Ki gaishe mini da Alhaji, da Achta, da Mahamat mai ƙiriniya. In kin gama karantawa ki fara kiran ɗanki tukuna. Sannan ki kira ni ki yi faɗanki son ranki, a kunnen dama zan sa wayar, ba abin da zai wuce ni.

Yayanki mai ƙaunarki,
Hamadu