Na Kama Hayar Gida Har Da Kakannin Ciki

Tanti Odile, don Allah ki cece ni, kuma ki sa wasiƙar nan a fitowar Alhamis ɗin nan, domin in ta kai mako mai zuwa sai dai ki aiko mini da jaje. Shekarata sittin da huɗu. Ni ne mai yi wa masu rubuto miki dariya ina tsoma burodi a kofi, yau ga ni a layi.

Ni mutumin Roubaix ne, mai gyaran famfo, shekara talatin da takwas ina kwance a ƙarƙashin wurin wanke-wanken mutane kafin na ajiye sifana. Matata ta rasu tun 'yarmu Solenne tana ƙarama, ni na raine ta a ɗaki biyu a saman shago. Yanzu ta zama likitar dabbobi, ta samu miji, Amaury, yaron kirki, ba ni da ta cewa a kansa. Uwarsa ce matsalar. To, ni ne matsalar, amma ita ta fara.

A watan Mayu iyayen yaron suka gayyace ni cin abinci a gidansu a Paris. An zo ƙarshen abinci, an kawo cuku, sai aka shiga zancen hutun Agusta, kin san mu da shi. Ni kuwa na riga na kama hayar wani katafaren gida a wani ƙauye a yankin Périgord, mako uku, don dangin biyu mu zauna mu saba. Gida na gani na faɗa: ɗaki goma sha ɗaya, hasumiya, wurin ninƙaya, doguwar hanya mai bishiyoyi hagu da dama. Na buɗe baki zan yi albishir ke nan, sai Madam Hortense, uwar yaron, ta ajiye wuƙa ta ce, "Mu dai a zuri'armu ba a hutu a gidan haya. Gadon da kowa da kowa ya kwanta? Allah ya kiyaye." Tanti, ban san lokacin da bakina ya ce ai mu ma haka, shi ya sa nake gayyatarsu gidan kakanninmu. Solenne tana kicin, ba ta ji ba.

Na riga su isa da kwana ɗaya na share fage. Na ɓamɓare takardun dokoki da aka manna a bayan ƙofofi. Littafin nan da 'yan haya ke rubuta godiya a ciki kafin su tafi, na cusa shi a ƙarƙashin katifata, ban ko buɗe ba. A bangon matakala akwai hotunan mutanen da, sai na raba musu matsayi. Wani mai ƙaton gashin baki da takobi ya zama kakana. Wani a kan doki, da hanci kamar ludayi, ya zama babana.

Abin da na manta shi ne mai gidan. Madam Eulalie, shekararta tamanin da ɗaya. Duk lokacin hutu takan koma ɗan ɗakin mai lambu a ƙarshen fili ta bar wa 'yan haya gidan. Baƙi na saukowa daga mota sai ga ta da takalmin roba da kwandon tumatir. Na ruɗe, na ce wannan tsohuwar 'yar aikinmu ce, ita ta raine ni. Wallahi na ɗauka mari zan sha. Ta dube ni, ta juya ta dubi Madam Hortense ta daɗe tana dubanta, sannan ta rusuna ta ce, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe."

Tun ranar ban huta ba. Kullum abincin rana sai ta jawo kujera ta zo da sabon labarin yarintata. Wai na kai shekara tara ina fitsarin kwance. Wai agwagi sun taɓa kora ta na hau bishiya ina kuka, sai da aka kira limamin coci. Autana take kirana, ta ja mini kunne, ta goge mini baki a gaban surukai. Kuma 'yar aikin nan tawa ko cokali ba ta taɓa ɗagawa ba, wai ciwon baya. Ni ke kai mata abinci a tire, ni ke yanke ciyawa. Famfunan gidan kuwa duk suna ɗiga, kuma ni ba na iya jin ɗigar famfo in zauna. Rannan Madam Hortense ta shigo kicin ta tarar da ƙafafuwana kawai a waje. Na ce mata sha'awa ce irin ta gado, kakana ma haka yake.

Madam Hortense kuwa, Tanti, in kin gan ta kin ga 'yar manya. Ƙofar sito da na yi kwana biyu ina kokawa da ita, ta zo ta ɗan daki ƙasanta ta hagu da ƙafa, ta buɗe. Matakala ta uku mai ƙara, tun ranar farko tsallake ta take yi. Karen tsohuwar, wanda ya yaga mini wando biyu, yana ganin mijin Madam Hortense ya kwanta ya ɗaga ƙafafu. Na ce oh, manyan mutane, har ƙofa da kare sun san su! Sai dai zafin nan bai karɓe ta ba. Ranar da suka iso, tana ganin ƙofar gidan fuskarta ta yi fari fat, kuma har yau ba ta leƙa kasuwar ƙauyen ba, kullum ciwon kai. Mijin ba ya magana, yana cikin ruwa daga safe har yamma.

Bayan kwana goma Solenne da Amaury suka iso. Shi tun da ya sauko daga mota yake cije leɓe kamar mai ciwon ciki. Ita kuwa a matakala Madam Eulalie ta tare ta, ta nuna mai dokin ta ce, "Ga kakanki, 'yar nan, hancinsa kika ɗauko." Solenne ta kama hannuna. Ta ja ni bayan lambu. Da ihu ta yi da ya fi mini sauƙi. A hankali ta ce, "Baba, to ina ka kai Kaka Fernand?"

Fernand shi ne babana na gaskiya. Shekara talatin ya yi a ramin kwal, ya bar yatsu biyu a can. Tattabarun tsere yake kiwo a bayan gida, kuma a wurinsa Solenne ta fara ɗaure wa tsuntsu karaya tana 'yar shekara shida. Hotonsa yana cikin walat ɗina har yanzu. Ta ce in ban faɗi gaskiya da bakina ba kafin mu bar gidan nan, ranar aurenta ita kaɗai za ta shiga, ba za ta riƙe hannuna ba, domin ba ta san ɗan wane ne zai raka ta ba. Wannan magana ta ci ni, Tanti, ta ci ni ƙwarai.

Kamar hakan bai isa ba, ranar Lahadi tsohuwar ta tashi a teburi ta ce duk 'yan matan gidan nan a ofishin magajin garin nan ake ɗaura musu aure, tunda uban amarya ɗan gari ne doka ta yarda. Har ta karɓo mana lokaci, Juma'a ƙarfe uku, in je a yi rajista da takardar wutar lantarki mai sunana, shaidar cewa gidan nawa ne. Na ce madalla. Madam Hortense ta ƙware da ruwa, ita ma ta ce madalla. Ranar Asabar kuma ƙarfe goma na safe zan miƙa makulli, wasu mutanen Holan za su shigo ƙarfe huɗu su gaji kakannina.

Na yi tunanin in faɗi a lambu in ce zuciya. Na yi tunanin in cika gidan da ruwa mu gudu gaba ɗaya, na san bututun da zan kwance. In na faɗi gaskiya, matar nan za ta raina 'yata har abada, wataƙila ma auren ya lalace. In na yi shiru, na rasa hannun Solenne. Ki faɗa mini abin yi, amma don Allah ban da faɗa, tsohuwar nan ta ishe ni.

Jikan Mai Gashin Baki, daga Périgord

Jikan Mai Gashin Baki,

Da farko ka ajiye sifanar nan. Kada ka taɓa bututun kowa, kada kuma ka faɗi a lambu, domin Madam Eulalie za ta ce tun kana yaro kake wannan wasan.

Ka ce ban da faɗa, to kaɗan zan yi. Ƙaryar gidan ban ɗauke ta da zafi ba. An ci maka fuska a teburi, kai kuma uba ne mai son kada a raina 'yarsa, bakinka ya riga hankalinka. Rabin ƙasar nan na ƙara wa gidan hutunsu ɗaki ɗaya ko biyu in sun koma aiki a Satumba. Inda ka wuce gona da iri wuri biyu ne: ka mai da dattijuwa 'yar aiki a gidan ubanta, ka kuma sauke naka uban daga matsayinsa ka ɗora wani mai doki. Na farkon tana ramawa da kanta, kuma ta iya. Na biyun shi ne abin da ya sa 'yarka ta ja ka bayan lambu.

Yanzu mu zo kan 'yar manyan taka. Bawan Allah, shekara talatin da takwas kana shiga gidajen mutane, ka taɓa ganin ƙofar da ta san asali? Ƙofa ta san wanda ya taɓa kokawa da ita ne. Kare kuma ya san wanda ya taɓa ba shi ƙashin agwagwa. Matar da ta yi fari a bakin ƙofa, take tsallake matakala ta uku, take ɓuya wa masu kasuwa, ta ƙware da aka ambaci magajin gari, ga ɗanta yana cije leɓe: ni ban je ba, ban gani ba, amma na ci amanar aikina in ban ce maka ka ɗaga katifar nan ka karanta littafin da kake kwana a kai ba. Ka duba watannin Agusta na shekarun baya. Ina kyautata zaton za ka ga rubutun wata da a zuri'arsu ba a hutu a gidan haya, tana yabon laushin gadaje.

In ka gani, ka yi dariyarka kai kaɗai, ka mai da littafin kan teburin da ka same shi, ka yi shiru. Kada ka kai shi wurin cin abinci. Ita ma tsoron da ya kama ka shi ya kama ta, kwana goma sha tana kallon ƙaryarka ba ta da bakin tonawa, kuma da ita za ku yi renon jikoki. In kuma ba ka ga komai ba, shawarata ba ta canja ba, domin Solenne ba hujja a kan surukarta ta nema ba. Kai take nema.

Ga abin yi. Juma'a da safe ka tafi ɗakin lambu da furanni, ka ba Madam Eulalie haƙuri da sunanta, ka roƙe ta ta soke zuwa wurin magajin gari, in ma da gaske ta karɓo lokacin. Ta sha dariyar da za ta ishe ta har hutun baɗi, ga famfunanta sun gyaru, za ta yafe. Da rana ka zaunar da ita a teburin cin abinci, a kujerar mai gida. Kafin a kawo cuku ka miƙe ka ce gidan haya ne, kai mai gyaran famfo ne, kunya ce ta sa ka. Magana uku, kada ka ja ta. Aure ba zai lalace ba. Yaron da ya ga duk wannan yake dariya maimakon ya haɗa kaya, ba mai tafiya ba ne.

Sannan ka ciro hoton nan daga walat, ka jingina shi da kwandon burodi inda kowa zai gani, ka faɗi sunansa da aikinsa da yawan yatsunsa. Kada ka dubi Madam Hortense lokacin. Ka dubi 'yarka.

Allah ya sanya alheri a auren, ya nuna maka ranar da hannunta a cikin naka. In za ka sake rubuto mini, ka sa hannu da Ɗan Fernand.

Tanti Odile