Ka Taka Birki Sau Biyu a Kwanar Gada

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya a duk ƙasar da kake. Mu nan Anacha muna nan yadda ka bar mu. Mahaifiyarka tana nan. 'Yan layin albasa na kasuwar Ose suna gaishe ka, har da waɗanda ba su ce in gaishe ka ba.

Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san bokon ubanka a aji huɗu ya yi faci, ba a kuma samu mai gyara ba har yau. Na sa takardar a wannan shafi na intanet inda kowa zai gani ne, domin lambarka ta daina shiga tun bayan kiran da ka yi mana daga Sabha ta Libiya, ka ce kun gama da sahara, saura ruwan teku. Damina biyu ke nan. Duk wanda ya karanta, in ya san wanda ya san ka, ya taimaka ya miƙa.

Babban labarin gida shi ne ubanka ya zama ɗan tseren mota. Kada ka yi dariya tukuna, akwai wurin dariyar a gaba.

Ka tuna Oga Emeka mai gyaran waya na kasuwar Ochanja, wanda kake tarewa a shagonsa kuna wasan tseren nan na waya har sai na aika a kira ka? Shi ya tako da ƙafarsa har rumfata. Ya buɗe wasan, ya nuna mini wani dogon allo na sunayen mutanen duniya, kowa da lokacin da ya yi a zagaye ɗaya. Ya sa yatsa a kan sunan da ka raɗa wa kanka, Ɗan Albasa. Ya ce sunan nan bai kwanta ba, kowane mako yana yin sabon zagaye.

Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce ana sayar da waya da duk abin da ke cikinta, ana kuma ƙwace ta a hannun mai ita, don haka kada in yi saurin murna. Na tambaye shi ko ana iya ganin tuƙin da ido. Ya ce ana iya sake kallon zagayen kowa da ke allon. Ya danna.

Jar mota ce. Ta yi ta gudu, ni ban gane komai ba, har ta iso wata kwana da ke bayan an fito daga ƙarƙashin gada. Sai fitilar birki ta ƙifta, ta mutu, ta sake kamawa. Sau biyu. Ban san lokacin da na zauna a kan buhun albasar mutane ba.

Ka san inda ka samo wannan. Lokacin ina jan gingimari, kai kuma kana bi na a hutun makaranta, duk sanda muka doshi gangaren shiga Inugu da kaya har sama, me nake gaya maka? Birki sau biyu ake taka shi. Na farko sallama ce, kana tambaya ko yana gida. Na biyu shi ne maganar da ta kawo ka. Na faɗa maka har ka gaji, ka riƙa kwaikwayona a gaban mahaifiyarka da ludayi a matsayin giya. Ashe abin da na koya wa ƙafarka ya hau har babban yatsanka.

A wasan nan birki ba ya tsinkewa, iska ba ta ƙare masa. Duk faɗin duniya babu wawan da zai yi wa birkin waya sallama sai ɗana. Ranar na yi wa mai sayen rabin kwando gyara har ya tsorata ya ce ya isa.

To ga inda matsalar take. Wasan ba ya barin a yi wa mutum magana sai an haɗu a ɗaki ɗaya ranar Asabar, ranar tsere. Ɗakin kuwa ba zaɓa ake yi ba. Cikin mako kowa yana yin zagayen gwaji shi kaɗai a hanya, sai a haɗa masu lokaci kusa da juna wuri guda. Kai kana can ɗakunan sama. Ƙofar neman abota kuma ka kulle ta tun kana nan, saboda masu zagi. Oga Emeka ya gwada, bai kai ba. Samarin unguwa sun gwada, mafi gwanintarsu ya tsaya ɗaki biyu ƙasa da kai, daga baya kowa ya gaji ya kama harkarsa. Ban ga laifinsu ba. Ni ne kaɗai ba ni da inda zan kai gajiyar.

Sai na ce a sa mini wasan a wayata. Shekara talatin ina bin hanyar Aliero zuwa Anacha zuwa Fatakwal ban taɓa kwantar da mota ba, wai ni za a nuna wa tuƙi?

Zagayena na farko, aka kunna koriyar fitila, na tsaya na karanta addu'ar hawa abin hawa har ƙarshe. Na kama hannuna na dama na bi shi tiryan-tiryan, na bar wa masu zuwa daga gaba nasu hannun, a hanyar da babu mai zuwa daga gaba. Na hango wani a gefe yana kaɗa tuta, na rage gudu, hannuna ya tafi aljihu da kansa. Da na iso ƙarshe Oga Emeka ya daɗe yana kallon lokacin, ya ce bai taɓa sanin allon yana da ƙasa haka ba.

Kasuwa ta samu abin yi. Alhaji Mamman na rumfar kusa ya sa mini suna Direban Aljihu. In na shiga kwana jikina gaba ɗaya yake bin ta, har ran nan na ture wa Mama Nkechi farantin attaruhu, ta ce in biya ta ko in nuna mata lasin. Gilashin wayar warin albasa yake yi, idona yana ruwa, kowa ya ɗauka albasar ce, ni ma na bar su a haka.

Ranar Litinin da gari yake kulle saboda dokar zaman gida, ba shiga ba fita, ita ce ranar makarantata. Nakan zauna a ƙofar ɗaki inda sabis ya fi ƙarfi, domin in ya yi rauni motar takan yi tsalle ta faɗa bango ba da laifina ba. A nan na gane cewa duk abin da ya raya ni a hanya shi ne yake kashe mini lokaci a wasan.

Wai kada ka taka birki da wuri, ka bari sai kwana ta zo maka har hanci. Wai ka buɗe can gefen waje, ka yanko ciki har tayarka ta hau dakalin nan mai ja da fari, ka sake fita waje, ka cinye titin gaba ɗaya kai kaɗai. Abba, duk direban da na sani mai cinye titi shi kaɗai, na halarci jana'izarsa. Wai in ka fito kwana ka danne totur tun ba ka ga abin da ke gaba ba. Ni kuwa ban taɓa shiga makauniyar kwana ban sa ran tarar da lalatacciyar tanka da ganye a bayanta ba.

Amma na koya. Na daina kallon hancin motar, na koma kallon inda nake son ta je. Na riƙe alamomi: allon talla na biyu, nan ne birkin kwanar farko, inuwar bishiya, nan ake sauke giya. Na gane zagaye mai kyau ba shi da hayaniya, in ka ji taya tana kuka to lokaci ne yake zuba. Na daina addu'ar a kan layi, ina yin ta tun kafin in buɗe wasan. Daga minti huɗu na sauko ƙasa da biyu. Alhaji Mamman ya daina dariya, ya koma leƙowa ta kafaɗata yana ce mini in yanka ciki.

Abu ɗaya ne ban taɓa ba. A kwanar gada sau biyu nake takawa, kamar kai.

Yanzu bari in ba ka labarin mahaifiyarka. Ka san kai ɗan fari ne. Ni na samu mafaka, sunan mahaifina gare ka, na kira ka Abba. Ita kuwa tun da ta haife ka ba ta taɓa kama sunanka ba, ko a gabana. Yaron nan, shi ke nan. Ran da za ka tafi ma ba ta rako ka ƙofa ba, ta sa maka ƙuli-ƙuli a jaka ta koma wanke-wankenta, kwano ɗaya ta yi ta wankewa har motarku ta tashi.

Matar da ba ta san birki da kuloci ba, ita ce duk Juma'a in na sauko daga masallaci nake tarar da ta shimfiɗa tabarma ta ajiye mini tabarau. Ba ta cewa in kunna. Sai in kunna sabon zagayenka, ta zauna a ɗan nesa tana tsintar shinkafa kamar ba kallo take ba. In jar motar ta fito daga ƙarƙashin gada sai hannunta ya tsaya. Fitila ta ƙifta sau biyu, ta ce, “To, yaron nan ya ƙifta,” ta ci gaba da tsintarta. Da wannan muke cin abincin mako guda.

Juma'a uku da suka wuce, Oga Emeka ya kira ni tun da safe yana murna, wai Ɗan Albasa ya karya lokacinsa, ya hau ɗaki na gaba. Na dawo gida da tsire. Na kunna. Motar ta fito daga ƙarƙashin gada, fitilar ta kama sau ɗaya, ta daɗe, ta saki. Tuƙi mai kyau, tsaf, babu abin gyarawa.

Na ce ƙila idona ne, na mayar baya. Na sake mayarwa. Mahaifiyarka ta ajiye faifan shinkafar a ƙasa a hankali, ta ce, “Wannan ba Sulaimanu ba ne.”

Ranar na fara jin sunanka a bakinta. Tsiren nan almuru ya yi yana cikin takardarsa, maƙwabta muka ba.

Litinin da ta biyo na yi abin da ban taɓa yi ba. Na doshi kwanar gada na hana yatsana sallama. Ya ƙi, na sake, ya ƙi, kamar ka ce wa mutum ya shiga gidan surukansa da takalmi. Can wajen la'asar ya yarda, na taka sau ɗaya. Lokacina ya ragu da kusan rabin sakan. Abin da naka ya ragu da shi ke nan.

Na kai mata wayar da sauri. Na ce kin gani, ba wani abu ba ne, yaron ya yi wayo ne kawai, ya gane sallamar tana ci masa lokaci ya daina, kowane ɗa watarana yakan yar da karatun ubansa. Ta saurare ni har na gama. Ta ce Allah ya sa. Juma'ar da ta biyo ba ta shimfiɗa tabarmar ba. Ni kaɗai na kalla a rumfa, sau ɗaya ne. Ta bayanta ma sau ɗaya.

Ga gaskiyar lissafina, Abba. Tsakanina da ɗakinka har yanzu akwai sakan shida. Samari sun ce a wasan nan sakan shida kamar daga nan zuwa Sakkwato ne. Idona ba ya ƙaruwa, yatsun nan kuma sun sha igiyar buhu sun ƙage. Oga Emeka yana ce mini saura kaɗan, amma ya daina kallon fuskata in zai faɗa. Ba zan daina ba, ba ni da wani aikin Litinin. Sai dai na san ba zan iso ka ba.

Shi ya sa nake roƙonka abin da babu uban da ya taɓa roƙon ɗan tsere. Ka rage gudu. Ban ce ka dawo ba, ban ce ka aiko da komai ba. In kunya ce ta hana ka kira don abin bai yi kyau a can ba, riƙe kunyarka, ni ma na taɓa dawowa daga Fatakwal da ruɓaɓɓiyar albasa mota guda, aka kuma ba ni tuwo. Wannan makon kawai, in ka fito daga ƙarƙashin gada, ka taka sau biyu. Ka tuna allon nan zagayenka mafi sauri na mako kawai yake nunawa, don haka kada ka yi wanda ya fi shi. Rabin sakan ne. Ka yi asararsa saboda mahaifiyarka.

Na san da na rubuta wannan a fili na tona alamar, kowa ma zai iya yin ta. Don haka kai bawan Allah, in wayar ɗana ce a hannunka ba shi ba, ban tambaye ka yadda ka same ta ba. Na ga tuƙinka, ka iya. Amma don girman Allah kada ka ji tausayinmu ka taka sau biyu. Ka cire sunan nan ka sa naka. Za mu gane, mu kira liman, mu yi abin da ake yi.

Abba, Allah ya tsare ka a tudu da ruwa. Allah ya sa kana wurin da ake caji, ake kuma cin abinci. In kana raye, Allah ya sa wannan takarda ta iso idonka kafin Juma'a. In kuwa ka riga mu, Allah ya yi maka sauƙin kwanciya, ya sa ka tarar da ƙofa a buɗe tun sallamar farko. Amin.

Juma'a in an sauko zan shimfiɗa tabarmar da kaina.

Mahaifinka,
Idi Direba, layin albasa, Ose, Anacha