Kunnen Baba

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara, da ƙafar nan taki mai ciwo. Mu nan sai godiya. Inna ba ta san na rubuto wannan ba, don haka ki riƙe a cikinki.

Yaya, an rufe tsohon ɗakin saƙa na kamfaninmu. Ɗakin nan da Kaka ya ɗauki bulonsa a ka tun garin nan bai wuce layi ɗaya ba, wanda ƙararsa ke kaɗa kwanukan Inna har cikin gida. An kwashe mu zuwa sabon gini, injinansa sai ɗan gurnani kamar kyanwa. Kowa na murna, ban da ni.

Kin san a tsohon ɗaki ba mai jin wani. Da leɓe muke magana, har gulma daga wannan bango zuwa wancan. To ashe a cikin ƙarar nan kunnen Baba ya tafi gaba ɗaya, ba wanda ya gane, don ba wanda ya kai shi karanta baki. Mu a gida muna ta cewa miskilancin tsufa ne. Ranar farko a sabon gini na tsaya bayansa ina kira har maƙogwarona ya yi zafi, bai juyo ba. Sababbin injinan kuwa da ƙararrawa suke faɗin matsala, ga shi shi ne babban makanike.

Da na tare shi a hanyar gida, ya ce idan na buɗe baki, ba shi ba ni. Gidan na kamfani ne, ranar da aka sallame shi ranar za a nemi makulli, ina zai kai Inna? Yanzu ido ɗaya na kan zarena, ɗaya na kansa. Ƙararrawa na kaɗawa sai in ɗaga masa hannu. Ina tsoro, Yaya.

Ki shafa mini kan yara.
Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Na ga amsarki, kin ce in bar kaza cikin gashinta. To kazar ta fige kanta.

Kin tuna Zabo, masaƙin nan mai riga ɗige-ɗige? Jiya inji ya kama hannun rigarsa. Na sunkuya ina ɗaura zaren da ya tsinke, ban gani ba. Ƙararrawa na kaɗawa, mutane na ihu, Baba yana tsaye dab da abin kashe injin, ya ba da baya, yana goge sifanarsa hankali kwance. Sai da na jefe shi da takalmi ya juyo. Kafin nan yatsun Zabo sun tafi.

Yanzu ji abin da ake faɗi a bakin get da wurin mai shayi. Wai Baba ya ji sarai ya ƙi motsi, saboda sun taɓa cacar baki da Zabo a kan wani inji. Matar Zabo ta tofar da yawu a ƙofarmu. Baba ya karanta zagin a bakin kowa. Mutumin nan ya gwammace a ce mugu ne da a ce kurma ne. Yau kuma ya saɓa jakar kayan aikinsa ya koma, ni ma na koma gadinsa.

Shugaban sashenmu, wanda muke kira Agogo, ya ce in same shi a ofis gobe, tunda ni na yi jifa.

Ki sa ni a addu'a.
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Allah ya sa ƙafar ta yi sauƙi, don tafiya ta kama ki.

Na tona maganar kunnen Baba. Agogo ya tambaye ni me ya sa na yi jifa ban yi kira ba, na duba na rasa ƙaryar da ba za ta ci yatsun wani ba. Ofishin nan bangon gilashi gare shi. Ina gama magana na ɗaga kai, sai ga Baba can tsakanin injina, ya zuba wa bakina ido. Ya ajiye sifanar a kan benci, ya fita.

An ce ya zauna a gida tukuna. Maganar makulli ba a tayar ba, amma ko yaro ne ya buga ƙofa sai gaban Inna ya faɗi. Matar Zabo ta zo ta ba da haƙuri, ya karɓe ta hannu biyu.

Ni ce dai tun ranar bai kalli fuskata ba. Ina shiga ɗaki sai ya juya ya fuskanci bango. Na durƙusa, na yi kuka, na ba shi haƙuri har muryata ta dushe, ko kalma ɗaya ba ta isa gare shi ba. Ba na nadama, amma wallahi abin yana cina.

Ki zo, Yaya. Ke zai kalli bakinki.

Ƙanwarki,
Auta