Gwadon Baba a Bursa

Gummi, daren Laraba, ƙarshen Sha'aban, 2014

Jikina kamar an yi mini duka. Tun la'asar nake sauke dilolin tawul da ƙanena Sani ya saro daga Bursa, can ƙasar Turkiyya, shi kuwa bakinsa bai huta ba. Wai garin masaƙan siliki ne tun zamanin daular Usmaniyya, yau ga masana'antun tufa ko'ina, har motoci suke ƙerawa.

Da zai tafi, Inna ta hana shi zuwa hannu rabbana. Ta ciro gwadon ƙarshe da marigayi Baba ya saƙa, ta ce ya kai wa mai masaukinsa, wani mai masana'antar tawul. Har dariya na yi. Wa ke kai tufa garin tufa?

Ashe mutumin shimfiɗa gwadon ya yi a tebur yana shafawa, ya kira ma'aikatansa su gani. Ya ce injinsa ba ya irin wannan saƙa, ko za mu riƙa aiko masa?

Inna ta washe baki ta dube ni. "Bello, ai kai ka koya wurin Babanku. Masaƙar tana nan zaure ko? Gobe a hiddo ta."

Na ce to, Inna.

Na kasa cin abinci. Daminar bara da icce ya yi wuya, ni da hannuna na faskara masaƙar nan da gatari. Da ita aka tuƙa tuwon sunan ɗiyata. Inna ma ta ci, har ta sa albarka.